Idan Ɗa Ya Ɗaga wa Uwarsa Hannu



Akwai dukan da ba a kai ƙararsa. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 ya shigo gida tsakar dare, idanu jajur, ya ce a ba shi kuɗi. Uwa ta ce babu. Ya yi fatali da kwanuka, ya hankaɗe ta, ya zare wa ƙanwarsa wuƙa. Gari na wayewa maƙwabta su tambayi abin da ya sami goshinta, ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Ciwon jikinta bai kai mata zafin a ce ɗanta ya lalace ba, balle ga 'yan mata a gidan ana jiran manema. Haka za a yi ta rufa-rufa, sai ranar da aka rasa rai, 'yan sanda su yi holin yaron gaban 'yan jarida.

Sau da yawa ƙwaya ce a gindin maganar. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da su. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, amma tiramadol da wiwi da sholisho ba su je ko'ina ba. Sai dai ba komai za a ɗora wa ƙwaya ba. Wani yaron taɓin hankali ke damunsa, aka ce iska ce. Wani kuwa tun yana goye yake ganin uban na jibgar uwar.

To, iyayen da suka gaji, ina za su kai shi? A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Zagin waɗannan iyaye abu ne mai sauƙi, amma wace ƙofa aka buɗe musu? Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau da Barnawa da Kware sun yi wa miliyoyin jama'a kaɗan, kuma talakan ƙauye ko kuɗin mota ba shi da shi.

Gwamnonin Arewa su buɗe wuraren gyaran hali masu likitoci a kowace shiyya. Masu unguwanni da limamai kuma su daina sallamar uwar da ta kawo kuka da "ki yi haƙuri, ɗanki ne". A raka ta asibiti da yaron, tun wuƙar tana cikin kube.