Masu Hira Da Ƙwanƙwasa

Yawancinmu mun san rediyo ta gefe guda ne kawai, wato tasha tana magana, mu kuwa muna kasa kunne. Amma a kusan kowace ƙasa akwai waɗansu mutane da sukan ci jarrabawa, gwamnati ta ba su lasin, su kafa 'yar tasha a ɗakinsu, su ɗaura waya a bisa itace, su yi ta kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba a biyansu ko kwabo, doka ma ta hana su yin ciniki da ita. Sha'awa ce kawai. Kowannensu yana da lambar kira, farkon lambar kuma shi ke nuna ƙasarsa: 5N Nijeriya, 5U Nijar, 9G Gana. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, lambarsa JY1.

Da yawansu ba da baki suke hira ba. Sukan danna wani ɗan ƙarfe ne, ya ba da ƙara gajere ko dogo, irin na tangarahun dā. Wani Ba'amurke, Samuel Morse, shi ya aika saƙo ta wannan hanya daga Washington zuwa Baltimore a 1844, sunansa kuma ya bi abin. Harafin E gajere ɗaya ne, T dogo ɗaya, dogon kuwa tsawon gajere uku ne. Jiragen ruwa sun bar dogara da shi a 1999, a 2003 kuma taron ƙasashe a Janeba ya ce ba dole ne a iya shi kafin a sami lasin ba. Duk da haka masu sha'awa ba su sake shi ba, gama inda murya ta nutse cikin shuwar iska, wannan ɗan ƙara yakan fita sarai. Mun gwada koya wa 'yan aji shida ta bugun tebur. Waɗanda suka haddace shi daga allo sai ƙirga da yatsu suke yi har saƙo ya wuce su. Waɗanda suka kama shi da kunne, kamar yadda akan gane take a bakin kalangu, su suka yi gaba.

Ɗabi'ar farko da akan koya wa sabon shiga ita ce ya saurara kafin ya taɓa ƙarfen. In ya ji shiru ma, sai ya aika QRL, wato "da mutum a nan?" Kada mu ɗauka ladabi ne kurum. A daren 14 ga Afrilu 1912 ma'aikacin rediyo na jirgin Californian ya kira Titanic domin ya shaida masa ƙanƙara ta tsayar da su. Na Titanic yana fama da tulin saƙonnin fasinja, sai ya katse shi, ya ce ya yi shiru. Mutumin ya kashe na'urarsa ya kwanta. Da Titanic ya fara neman taimako, jirgin da ke kusa ba mai ji a cikinsa. Mutum fiye da 1,500 suka mutu. A shekarar nan ce Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa masu sha'awa yin lasin.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu, mu da muke kiran rajista kowace safiya, shi ne littafinsu. Duk wanda aka yi hira da shi sai an rubuta lambarsa, da kwanan wata, da lokaci, da mitar da aka same shi, ko 20 ko 40, da yadda aka ji shi. A dā doka ce. Amurka da Ingila sun sassauta ta, yawanci kuma a kwamfuta ake rubutawa yanzu, amma ba a bar al'adar ba. Dalili kuwa, hira ba ta shiga lissafi sai littafi biyu sun yi daidai. Ƙungiyar masu sha'awa ta Amurka takan ba da takardar yabo ga wanda ya sadu da ƙasashe 100, ba ta kuwa karɓar "na rantse". Sai an ga katin shaida daga wancan gefe, wanda suke kira QSL, ko kuma kwamfuta ta gwada littattafan biyu ta ga sun haɗu.

Saboda haka duniya duka agogo ɗaya suke bi, wato GMT, wanda muke gabansa da sa'a guda. A nan sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Mutumin Jos da ya yi hira da ƙarfe 12:30 na dare, ran 1 ga wata, a littafi sai ya rubuta 23:30 na ranar ƙarshe ta watan jiya. In ya bi agogon bangonsa, wancan mutumin zai duba ranar, bai gan shi ba, shi ke nan wahalar dare ta tafi a banza.

Muna da ƙorafi guda. Akwai lambobi uku da sukan ba juna: na farko daga 1 zuwa 5, yadda ake gane saƙo, na biyu daga 1 zuwa 9, ƙarfinsa, na uku daga 1 zuwa 9, tsabtar ƙaran. Wanda aka ce masa 599, an ce ba shi da aibi ke nan. To, a lokacin gasa kowa 599 yake bayarwa don sauri, har za ka ji mutum ya ba wani 599, sa'an nan ya roƙe shi ya maimaita lambarsa sau uku! Mun san malamin da ke ba kowane yaro goma bisa goma domin ya tashi da wuri. Mutumin da ya yini a rana yana gyaran eriyarsa so yake ya san ko gyaran ya yi. In aka ce masa 339, gobe zai sake hawa itacen. In aka ce 599, zai sauke tsani ya mayar wa mai shi.