A Ba Mu Kanti Mu Koyi Kasuwanci

Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muna da roƙo ga hukumar makaranta, kuma mun ga babu inda ya fi dacewa mu kawo shi kamar wannan allo da kowa yake tsayawa ya karanta. Roƙonmu shi ne a ba mu dama mu buɗe ƙaramin kanti na ɗalibai a cikin makaranta, da jarinmu, da littafin lissafinmu, malami ɗaya yana sa mana ido.

Muna yin darasin kasuwanci, kuma muna jin daɗinsa. Mun haddace ma'anar jari, mun haddace ire-iren kamfanoni, mun iya zana littafin shige da ficen kuɗi da rula tsaf. Idan jarrabawa ta zo muna ci. Amma a tsayar da ɗayanmu a tambaye shi nawa mai awarar bakin get take samu a rana bayan ta fitar da kuɗin waken suya da mai da itace da niƙa, sai ya yi zuru. Alhali wasu daga cikinmu da sun gama aji uku kasuwa za su tafi zaman shago, wasu kuma tun yanzu su ne suke riƙe wa iyayensu mata lissafin sana'ar cikin gida.

Rashin sanin nan yana da tsada. A 2016 wani tsari mai suna MMM, wanda wani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Mavrodi, ya ƙirƙira, ya yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kwana talatin. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane, kuɗinsu ya maƙale. Lokacin mu muna ƙanana ƙwarai. Amma a watan Afrilu na 2025 da wayonmu CBEX ya rushe, shi kuwa cewa ya yi zai ninka wa mutum kuɗinsa a wata ɗaya. Mutane suka yi ta kuka, a Ibadan har aka far wa ofishinsu, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba. Waɗanda abin ya shafa ba jahilai ba ne, akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa, akwai masu digiri.

Mun zauna mun yi lissafin a aji da biro da takarda. Idan da gaske kuɗi yana ninkuwa duk wata, wanda ya zuba naira 1,000 zai samu naira 4,096,000 bayan shekara ɗaya. Bayan shekara biyu zai wuce naira biliyan 16. Da kuɗin tara na kwana biyu ko uku kawai! Wanda yake shakka ya ɗauki takarda ya ninka sau ashirin da huɗu ya gani. To wace irin haja ake sayarwa da take kawo wannan? Babu. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ɗauka a biya wanda ya shigo jiya, ranar da sababbin shiga suka ragu sai a rufe ƙofa.

Shi ya sa muke ganin tambayar da ta fi kowace muhimmanci a darasin kasuwanci ita ce: daga ina ribar take fitowa? Kowace sana'a ta gaskiya tana da amsa, kuma amsar ba ta da wuyar faɗa. Mai POS ba ya sayar da komai da za a riƙe a hannu, cajin da yake cira a kan kowane cirar kuɗi shi ne abincinsa, don haka wurin da ya kafa lemarsa ya fi masa komai. Kamfanonin madara da na omo sun lura mutane da yawa ba za su iya sayen babban gwangwani ba, sai suka ƙulla kayan a 'yan ƙananan leda, riba kaɗan a kan kowace ɗaya amma ciniki ba iyaka. Facebook kuwa kyauta muke shiga, ban da kuɗin data, amma kamfanin yana samun mafi yawan kuɗinsa ne daga masu biya a nuna mana tallarsu. Wato idanunmu ne hajar. Ranar da muka gane wannan sai da aji ya yi tsit.

Ko manyan attajiranmu da wannan tambayar suka yi arziki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro daga Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, Turawa suna neman gyaɗa ido rufe, sai ya shiga sayenta daga manoma ta hannun wakilansa yana sayar wa kamfanoni. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya fara da sayo sukari da shinkafa da siminti yana sayarwa. Daga baya ya ga ribar mai yin kaya ta fi ta mai sari, sai ya gina masana'antu, irin ta siminti da ke Obajana a Jihar Kogi. Tun 2010 kamfanin simintin yana kasuwar hannayen jari ta Legas, ma'ana mutum zai iya sayen ɗan yanki nasa. Idan kamfanin ya ci riba a ba shi rabonsa, idan darajar hannun jarin ta faɗi shi ma ta faɗi da shi. Babu wanda zai rantse masa cewa lallai zai samu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Islamiyya mun ji ana kiransa ƙiradi: wani ya kawo dukiya, wani ya juya ta, su raba riba yadda suka yi yarjejeniya, idan aka faɗi ba da ganganci ba mai dukiya ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Adashi kuwa, da wasu suke ɗauka zuba jari ne, tanadi ne kawai. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ya haihuwa.

Duk wannan a takarda yana da sauƙi. Ga misalin da ya sa muke son kanti. A ce mun saro dozin ɗin biro a naira 1,200, muka sayar da kowane ɗaya naira 150. A jarrabawa amsar ita ce ribar naira 600, malam ya ba da maki. A kasuwa fa? Wanda ya je sarin ya biya kuɗin mota naira 200. Biro ɗaya ya ƙi rubutu, an dawo da shi. Wani aboki ya ɗauki ɗaya ya ce gobe zai kawo, goben ba ta zo ba. Saura naira 100. Idan mai tsaron kantin ya ji ƙishirwa ya sayi fiya wata biyu daga cikin cinikin, shi ke nan, an yi aikin banza. Irin wannan ba a haddace shi, sai kuɗin mutum ne a ciki yake jin zafinsa.

Akwai kuma abin da ba ma ganinsa sosai a littafinmu, wato yadda ake tafiyar da mutanen da suke aiki a wuri. Duk wanda yake da ɗan uwa a kasuwa ya san shago biyu za su iya sayar da kaya iri ɗaya a layi ɗaya, ɗaya ya bunƙasa ɗaya ya mutu. A wani shagon maigida yana nuna wa yaransa farashin sari, yana jin shawararsu, bayan wasu shekaru ya sallame su da jari su buɗe nasu. A wani kuwa sai tsawa da zagi, yaro ya ga ɓarna ya yi shiru don tsoro, ko ma ya fara ɗan tsakura. A masana'antar motoci ta Toyota da ke Japan an ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, damar ya ja igiya idan ya ga matsala, kuma idan ba a gyara nan take ba sai layin aikin ya tsaya. Ba a hukunta shi don ya ja. Sun gane gara a tsaya na ɗan lokaci da a fitar da mota mai lahani. Mu a nan ɗan aji ɗaya ko gyara wa siniya lissafi ba ya iya yi, sai ya sha ranƙwashi. A kantinmu muna so ko ɗan aji ɗaya ne ya ce a buɗe masa littafi, a buɗe masa, ko da kuwa hedboi ne yake riƙe da shi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce kanti zai ɗauke mana hankali daga karatu. Lokacin tara kawai za a buɗe, da minti goma sha biyar bayan tashi, kuma masu tsaro biyu-biyu ne ana juyawa, ba wanda zai yi fiye da rana ɗaya a mako. Za a ce kuɗi zai ɓata. Zai iya ɓata, ba mu musa ba. Shi ya sa muke so kuɗin ya riƙa kwana a hannun malami, littafin kuma a hannun ɗalibai, mai karɓar kuɗi daban mai rubutawa daban. Wanda ya fi damunmu shi ne batun iyayenmu mata masu sayar da abinci a bakin get, domin da wannan sana'ar suke ciyar da gidajensu. Mun yarda ba za mu sayar da abin ci ko na sha ba ko kaɗan. Biro da fensir da rula da magogi da littafin rubutu kawai, kayan da yanzu sai an fita waje ake samu, wasu ma da sunan sayen biro suke sulalewa ba sa dawowa.

Jarin da muke tunani naira 20,000 ne. Za a kasa shi hannu ɗari, kowane hannu naira 200, kuma ba wanda zai sayi fiye da biyar don kada masu hali su mallake kantin su kaɗai. Ba bashi. Muna neman afuwar malamanmu, amma har da su. Duk ranar Juma'a za a liƙa lissafin mako a wannan allo, abin da aka saro da abin da aka sayar da abin da ya rage. Ƙarshen zango a raba rabin riba ga masu hannu, rabin a mayar cikin jari. Idan faɗuwa aka yi, ita ma a liƙa ta kowa ya gani, a zauna a aji a binciko inda kuɗin ya zurare.

Abin da muke nema a wurin shugaban makaranta bai wuce tebur ɗaya da akwati mai kwaɗo da izinin gwaji na zango ɗaya ba. Mun bar farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk ɗalibin da yake son hannu ya rubuta sunansa da ajinsa da adadin da yake so, amma kada kowa ya ba wani ko sisi sai an ba da izini.