Daga Bakin Gareji: Gas Ɗin Mota Ba Ya Ƙarewa, Zurarewa Yake Yi

Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Garwa ya san zafin da ke wuce digiri 40. A lokacin ne muke cika gareji, kowa na cewa: "Kilim ta daina sanyi, a ƙara mini gas." A ƙara, a biya, bayan mako uku a komo. To, wannan ɗibar ruwa ne da rariya.

Gas ɗin sanyaya mota ba kamar fetur ba ne. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ba ya ƙonewa. In ya ragu, akwai inda yake fita. Kuma tare da shi man kwamfireso ke yawo, saboda haka mai ta ƙari ba gyara, wata rana kwamfireson zai kashe.

Ina za a duba? Da fari kwandensa, wadda ke gaban lagireto, inda tsakuwar hanyar Marwa da ta Ngaundare ke bugu. Sai mahaɗin tiyo, inda zoben roba ke bushewa, da bakin kwamfireso, da bawul ɗin da ake ɗura gas. Duk inda muka ga danshin mai ya kama ƙura, nan ne abin zargi. Bakanike na ƙwarai zai ɗura iskar naitirojin, ya shafa ruwan sabulu, ya jira kumfa. In yoyon ƙarami ne, akwai rini da ake zubawa, a haska da fitila ta musamman. Amma kada mu yarda a gwada da iskar oksijin ta masu walda, domin in ta haɗu da mai tana iya fashewa.

Bayan gyara, a zuƙe iska da injin, a ga allura ta tsaya cik, sannan a ɗura gas. Mu karanta takardar da ke manne ƙarƙashin bonet: tsofaffin motoci R12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi; na bayansu R134a; sababbin Turai R1234yf. Ba a gauraya su.

Kafin mu zaro kuɗi, mu tambayi bakanike: "Malam, ina yoyon yake?" In ya kasa nunawa, mu ja motarmu gaba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.