Shafin intanet ma gidan laka ne, sai da yaɓe



Kwanakin baya kun yi ta kiranmu: "Wai lafiya? Shafinku fari fat muke gani!" Gaskiyarku. Kwana da kwanaki ba sanarwar rasuwa, ba farashin hatsi, ba cigiyar dabbobi. Mun zaci kutse aka yi mana. Ashe 'yar alama guda ce ta kayar da mu: &.

Shafin namu da PHP aka rubuta shi, harshen kwamfuta da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. A cikinsa, in wani sashe zai miƙa wa wani bayani, hanya biyu ce. Ko ya ba shi fotokopi, kamar yadda muke kai ta takardar haihuwa lakwal, ko ya ba shi ta ainihi, wadda in an taɓa ta, ta taɓu ke nan. Alamar & ita ke cewa ta ainihi ce.

A da, mai bayarwa na iya liƙa alamar lokacin miƙawa. A PHP 5.3, cikin 2009, aka fara gargaɗi. A 5.4, cikin 2012, aka hana ƙwata-ƙwata: sai mai karɓa ne zai sa ta tun farko, kowa ya san zai taɓa ta ainihi. Mu kam mun ga dacewar wannan doka. Wanda zai canza maka kaya ya faɗa tun kafin ka ba shi.

To laifin wa? Namu ne. Matashin da ya gina mana shafin ya ɗauko tsohon rubutu, muka biya shi, muka yi sallama. Da kamfanin da ke ajiye shafin ya koma sabon zubi, sai komai ya tsaya cik. Gyaran kansa bai da yawa, a ɗauke alamar daga nan a kai ta can. Neman mai gyaran ne ya kai mu har Yamai.

Don haka ƙungiyoyin manoma, na mata da na matasa, in za ku ba da aikin shafi, ku tambaya: wane zubin PHP ne? Wa zai riƙa duba shi duk shekara, kuma jikka nawa? A rubuta, a sa hannu. Mai gidan laka ba ya jiran ruwan Agusta kafin ya yi yaɓe.

Allah ya sa mu dace.