Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Fatsar Ƙuda a Kogin Faro

A wannan fitowa zancen namu zai gangara bakin kogi, kuma dalilinsa wani saƙo ne da ɗan ƙanwata, wanda yake aiki a Faransa, ya aiko mini. Ya ce: "Kawu, in Allah ya yarda zan zo hutu a watan Agusta tare da babban ɗana. Na sayi sandar fatsa irin ta Turawa, ina so ka kai mu kogin Faro mu kama giwan ruwa." Na yi murna ƙwarai, amma da na zauna na auna maganar sai na ga in an bi ta yadda ya tsara, za a yi asarar kuɗi, a kuma kai yaro ɗan shekara 10 inda bai kamata ba. Amsar da na ba shi ita ce nake so mu duba tare.

Da farko, mece ce wannan fatsa? Faransawa suna ce mata pêche à la mouche, mu kuwa sai mu ce fatsar ƙuda. Ba a sa tana ko gutsuren nama a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaure mata har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Tun da wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri, nauyinta ne yake ɗaukarsa ya kai shi nesa. Masunci yakan kaɗa sanda mai tsawon kusan mita 2.7 gaba da baya, igiya ta miƙe a iska, sa'an nan ya sauke ƙudan a hankali gaban kifi.

A Ingila aka tsara wannan fasaha, musamman a kogunan kwari na kudancin ƙasar kamar Test da Itchen, waɗanda ruwansu yake tacewa ta cikin alli ya fito garau. A can ne Frederic Halford ya fitar da littafinsa a 1886 a kan ƙudan da yake yawo a saman ruwa. Abin lura shi ne, duk dabarar ta dogara ga idon kifi. In bai ga ƙudan ba, aikin banza ake yi.

Wannan ya kawo mu ga kuskure na farko, wato lokaci. Faro ya gangaro daga tuddan Adamawa ya faɗa Binuwai kusa da iyakar Najeriya. A Agusta damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya yi jajir da laka, hanyoyin daji kuma sun yanke. A Binuwai ma haka abin yake, ga kuma madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, wadda akan buɗe ta in ruwa ya yi yawa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 bai manta ba. Lokacin da ya dace shi ne daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye ya yi haske, kifi ya taru a gurabe masu zurfi. In an kai Afrilu, zafi a yankin Garwa yakan wuce digiri 40. Na ce masa ko dai ya matsar da hutunsa, ko ya bar sandar a gida ya zo mu yi zumunci kurum.

Na biyu, izini. Gandun Faro, mai faɗin murabba'in kilomita 3,300, ya zama gandun ƙasa a 1980, kuma ba a shiga a jefa ƙugiya haka nan. Filayen da suke kewaye da shi da yawa an ba da su haya ga masu sansanin farauta da yawon buɗe ido, kuma kuɗin mako guda a irin wannan sansani ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Saboda haka sai a fara da ofishin ma'aikatar gandun daji da namun dawa, a ji inda aka yarda da inda aka hana. In wajen gandun za a tsaya, a yi sallama da mai gari da shugaban masunta, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a biya shi ladansa ba tare da ƙwange ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, kayan aiki. Ana sa wa sanduna lamba bisa nauyin igiyarsu. Wadda ɗana ya saya lamba 5 ce, ta ƙananan kifayen Turai. Tsage yana bukatar lamba 8 ko 9, da ɗan guntun waya tsakanin igiya da ƙuda, don haƙoransa suna datse zare nan take. Giwan ruwa kuwa, wanda babbansa yakan wuce kilo 100, sai lamba 12. Da lamba 5 ana iya samun karfasa da kawara, kuma ga mai koyo wannan ya isa. A lanƙwashe ƙayar ƙugiya da filaya, kowa ya sa tabarau da hula, kada kuma wani ya tsaya bayan mai jifa, domin ƙugiya ba ta bambanta kunnen mutum da bakin kifi.

Na huɗu, kuma shi ya fi muhimmanci, lafiya da rai. Giwan ruwa da dare yake farauta, shi ya sa masu nemansa suke tsayuwa bakin gurbi bayan magariba. A daidai lokacin ne dorina take fitowa kiwo, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya sayi rigima. Ga kada a gurbin. Na gaya masa ƙarara cewa jikana ba zai je bakin kogi da dare ba, da rana ma sai da rigar da take hana nutsewa. A guji ruwa mai kwanciya da ciyawa, don nan ne dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya yake zama, kuma in an ga jini a fitsari bayan an dawo a garzaya asibiti, akwai magani. A tafi da gidan sauro da ruwan sha. A bar shuɗin tufafi da baƙi, su ne suke jawo ƙudan tsando. A kuma bar wa mutanen gida sunan wurin da ranar dawowa.

Akwai wata magana da muka daɗe a kanta. Masu fatsar ƙuda galibi sukan kama kifi, su ɗauki hoto, su sake shi. A Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, ta neman abinci kuwa halal ce. Ni dai ra'ayina, mu tafi da niyyar neman abin miya, mu ɗauki matsakaita gwargwadon tukunya, mu daina in ta isa. Manya kuwa mu sake su, saboda manyan giwan ruwa yawanci mata ne, guda tana zuba ƙwai miliyoyi, kuma su ne jarin masuntan da suke ci da kogin. In za a saki, a jiƙa hannu, kada a rataye kifin ta baki, a riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo. Inda doka ta ce a saki duka, sai a bi, ko a nemi wani wurin.

Ya amsa mini cewa zai nemi hutun Fabrairu, zai kuma riƙa koyon jifa a filin ƙwallo kafin lokacin. Ni ma na fara neman jagora tun yanzu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai fitowa ta gaba.