A Bar Ido Ya Yi Kallonsa

Jama'a, kamfanonin fasaha sun ƙera na'urar da ake ɗaurawa a fuska kamar ƙaton tabarau, mutum ya tsinci kansa cikin duniyar da kwamfuta ta zana. Yanzu wasu na son ido ya zama maɓallinta: ka kalli abu ya zaɓu, ka ƙifta ya buɗe. Ni ban yarda da wannan ba.

Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya bai sani ba. Ido kuwa ɗan yawo ne, yana leƙa abin da mai shi bai yi niyyar taɓawa ba. Tun 1990 masanin kwamfuta Robert Jacob ya kwatanta matsalar da Sarki Midas na tatsuniyar Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa sai ya koma zinariya, har abincinsa. Idan kallo ya zama umarni, ina mutum zai ajiye idonsa ya huta? Ko kamfanin Apple, da ya fito da Vision Pro a 2024, bai bar wa ido hukunci ba: sai ka kalli abu, sannan ka haɗa babban yatsa da manuni kafin ya buɗe.

Babbar damuwar ma tana gaba. Domin na'urar ta gane inda kake kallo, dole kyamarorin cikinta su zuba wa ƙwayar idonka ido ba dare ba rana muddin tana fuskarka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A 2024 masu bincike sun nuna ana iya cankar kalmar sirrin da mai Vision Pro ke rubutawa daga motsin idon hotonsa a kiran bidiyo, har Apple ya toshe ɓarakar. Kamfanin Meta, wanda talla ce abincinsa, ya saka na'urar bin ido a Quest Pro tun 2022. Wa zai fi ɗan talla son sanin abin da idonka ya daɗe a kai?

Wanda jikinsa ya shanye, yake rubutu da magana da ido ta na'urorin irin na kamfanin Tobii na Suwidin, wannan rahama ce gare shi, a ƙara inganta masa. Amma mai hannu lafiyayye a bar shi ya danna da hannunsa. A sa wa kowace na'ura maɓallin kashe bin ido, kuma doka ta hana bayanan kallonmu fita daga cikinta.