Ku daina ɗora wa Lagdo kowace ambaliya

1/ Damina ta kankama, an dawo da tsohuwar waƙa: "Kamaru za ta saki ruwa." Jiya har wani na gani a nan yana rantsuwa wai Lagdo ce ta cinye Maiduguri a 2024. Haba malam! Ɗauko taswira mu zauna.

2/ Madatsar Lagdo tana kan kogin Binuwai, kusa da Garwa. In aka buɗe ta, ruwan ya biyo ta Yola, Numan, Ibi, Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja, ya gangara kudu ya faɗa teku. Iyakar hanyarsa ke nan. Ruwa ba ya hawa tudu.

3/ Abin da ya ci Maiduguri a Satumbar 2024 madatsar Alau ce, a kan kogin Ngadda. Ita Ngadda wajen tafkin Chadi ta nufa, ko gaisawa ba ta yi da Binuwai. Madatsar tamu ce, a cikin Borno take, kuma ta taɓa yin ɓarna a 1994. Shekara 30 tsakani fa. Wa ya hana a gyara? Kamaru?

4/ Jigawa ma haka. Kogin Kano daga Tiga da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Can wajen Gashuwa ya gamu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, sai tafkin Chadi. Wato ruwan da ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil ba zai taɓa ganin teku ba. Ni kaina sai a jami'a na san haka, abin kunya.

5/ Ka tambayi manomin Haɗeja ko Nguru abin da ke damunsa, zai ce maka kachalla. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike su, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonaki da gidaje. Wannan aikin yashe kogi ne, ba na jakadanci ba.

6/ Kar a juya min magana. Lagdo tana da nata laifin, mutanen Adamawa, Binuwai da Kogi sun ɗanɗana a 2012 da 2022. Amma ko a can, Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala duk a cikin Najeriya suke juye wa Binuwai ruwansu. Madatsar Dasin Hausa da ake ta maganar ginawa a Adamawa don tare ruwan kuwa, tun shekarun 1980 take kwance a takarda.

7/ Abin da ke ƙona min rai, duk ranar da muka ce "Kamaru", wani jami'i ya samu mafaka, ya raba taliya da tabarma, a ɗauki hoto, a watse. Mu kuma mu yi ta sharing.

8/ Ka rubuta min sunan garinku a ƙasa, in gaya maka kogin da ruwanku yake bi da madatsar da ke samanku.